Filtar Mai da Kallabin Kakata

Ina tsaye a shagon kayan mota a kasuwar Filinge, filtar mai biyu a hannuna, ɗaya mai nauyi da tsada, ɗaya shafal kamar gwangwanin tumatir. Sai Kawu Idi ya leƙo ta ƙofar shagon.

"Ɗauki mai arahar, ɗana! Zamanin Nasara, kakanka da kallabin kakarka yake tace man motar kumandan, Baturen mulki."

Na ce, "To Kawu, motar ta yi lahiya?"

"Ta dai kai Baleyara. Daga nan mutanen ƙauyuka suka turo ta har gida, kakarka kuma ta yi yajin wata biyu."

Sai na sayi mai nauyin.

Ku fa, wace shawarar dattijo kuka taɓa tsallakewa kuka gode Allah?