Ƙamshi a Tafin Hannun Madu Tela

Madu Tela taubashina ne, ɗan Gwaggo Bintu ƙanwar mahaifina, saboda haka ina da damar faɗin abin da na ga dama a kansa, kuma zan faɗa. Ni sunana Fatihu, bandar kifi nake sayarwa. Shi kuma shagonsa yana bakin kasuwar Nguru, inda ya shafe fiye da rabin rayuwarsa yana taka keken ɗinki. Gajere ne kakkaura, ba ya son hayaniya, kuma idan ya kafe a kan magana ko motar rake aka ɗaura masa ba za ta ja shi ba.

Tarin ganyen da aka san shi da shi yanzu ya faro ne daga aikin makaranta. An ce wa 'yarsa Sakinatu ta busar da ganyaye ta manna a takarda. Ta yi ta fama da gam, ganyen yana ɓallewa, har uban ya gaji da kallo ya karɓa. Ya ɗauko kwalin da ke zuwa a cikin shadda, ya sa allura da zare ya ɗinke reshen sabara a kai, tsaf kamar aikin wuyan riga. Sakinatu ta kai makaranta, ta sami makinta, ta manta. Uban ne bai manta ba.

Daga nan duk Juma'a da safe sai ka ga ya tuƙa babur ɗinsa ya nufi fadama. Ya dawo da ganye, ya jera a tsakanin tsofaffin jaridu, ya ɗora katako, ya danne da kan wani mataccen keken ɗinki da ya gada wajen mahaifinsa. Idan ya bushe ya ɗinke a kwali, ya rubuta suna da inda ya samo, ya ajiye a akwatin ƙarfe da kafur saboda ƙwari. Giyayya, jema, yaɗiya, bado, ƙarangiya ma da kowa ke zagi tana da nata kwalin. Na tambaye shi ko boka zai zama da tsufa. Ya ce shi ba magani yake nema ba, so yake jikokinsa su ga abin da ke fadamar nan kafin kacalla ta gama cinye ta. Kacalla kuwa kowa a nan ya san ta, doguwar ciyawar ruwan nan da ta toshe mana hanyoyin kwalekwale ta kori kifi. Wannan amsar ta shige ni, don abin ya shafi aljihuna.

Yana da ka'idoji da suka fi na asibiti tsauri. Ba ya tuge tsiro da saiwarsa. Ba ya shiga gonar mutum sai ya nemo mai ita, ko da kuwa ciyawar banza zai tsinka a kan kunya. Kuma idan abu bai yi yawan da ido zai gaji da ƙirga ba, ba ya taɓa shi. Na taɓa raka shi wajen Karasuwa, muka sha rana har wuyana ya soye, muka tarar da furen da yake nema guda biyu rak. Ya tsuguna ya ƙare musu kallo, ya miƙe ya ce mu tafi. Ranar na zage shi zagin taubasantaka tun daga can har Jajimaji, yana tuƙi yana dariya.

Sunayen da yake rubutawa kuwa rabinsu daga bakin Gwaggo suka fito. Ita 'yar Dagona ce, 'yar ƙabilar Bade, aure ya kai ta Nguru. Mu da muka tashi a gari Hausa da Barbarci muka sha, yaren Bade sai gaisuwa. Bayan rasuwar mijinta ta koma Gashua wajen 'yarta Hafiza. Yanar ido ta rufe mata gani, amma hancinta da yatsunta lafiya lau. Madu yakan kai mata kwalayen, Hafiza ta karɓa ta miƙa mata, ta shafa, ta sansana, ta faɗi suna da yarensu da abin da ake yi da shi.

Na ce Hafiza ce ke miƙawa, kuma da dalili. Madu ɗan fari ne. Gwaggo 'yar zamanin da ce, ta riƙe kunyar ɗan fari da gaske. Ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, sai dai ta ce Tela, ko wancan. Tun yana yaro ba ta jansa a jiki a gaban mutane, ya girma a hannun kakarsa ta wajen uba. Idan ya zo gaishe ta, a bakin ƙofa yake tsugunawa, ita tana fuskantar bango, su yi hira ta bakin Hafiza. Ba wanda ya ɗauki wannan ƙiyayya, haka aka saba. Amma ni da na san shi ciki da waje na san abin yana masa ciwo, ko da bai taɓa faɗa ba.

Wata rana tana shafa wani kwali sai ta ce akwai wani ganye da ba a kawo mata ba. Gajere ne, yana fita a bakin ruwa a Dagona, ganyensa ƙanana masu gashi-gashi, furensa shuɗi-shuɗi, ƙamshinsa kamar lemon tsami da ɗoɗɗoya sun haɗu. Madu ya gyara biro ya ce, "Iya, mene ne sunansa?"

Ta buɗe baki ta rufe. Sunan ya ɓace mata.

Hankalinta ya tashi ƙwarai, don a lokacin mantuwa ta fara kama ta, wani sa'in ta kira Hafiza da sunan wata ƙanwarta da ta daɗe da rasuwa. Ta ce wa bango, "A gaya wa Tela ya kawo mini in sansana. In na ji ƙamshin zai dawo."

Madu ya sha neman ganyen nan. Ya je Dagona ya bi bakin ruwa, ya tarar inda kacalla ta bari shinkafa ta ɗauka. Ya tambayi masunta da tsofaffin mata, wasu suka ce sun tuna da abu mai kama da haka, ba wanda ya riƙe sunan. Damina ta wuce, wata ta zo. Ita kuwa Gwaggo kullum ƙara nisa take, kuma dukkanmu mun san idan ta tafi da sunan nan ya tafi ke nan.

Ƙarshen daminar bara aka yi rasuwa a dangin mijin Hafiza, muka je Gashua jana'iza ni da shi. An gama binnewa mutane sun fara juyawa, sai na nemi Madu na rasa. Can na hango shi a kusurwar maƙabartar, a wani kwari inda ruwa ke kwanciya, a tsugune gaban wani tsohon kabari da ya kusa shafewa. Na ƙarasa. Ga ganyen da yake nema nan, dunƙule ɗaya bai fi faɗin faifai ba, da ƙananan furanni shuɗi-shuɗi. Katanga ta hana awaki shiga, ba a noma, ba a kiwo, shi ya sa ya tsira. Muka duba ko'ina a kwarin, babu wani.

Na ce, "To, Alhamdu lillahi. Tsinko mu tafi."

Bai motsa ba. Malam Kalli, dattijon da ke kula da maƙabartar, ya matso da cebur a kafaɗa. Da ya gane abin da ake ciki ya ce, "Bayin Allah, ɗanyen tsiro a kan kabari ba a cire shi. Tasbihi yake yi, mai wurin yana samun sauƙi. In ya bushe don kansa, wannan daban."

Madu ya ce, "Na sani, Baba. Ko a daji na gan shi shi kaɗai haka, ba zan taɓa ba."

Raina ya ɓaci. Na ja shi gefe na ce, "Kai wane irin mutum ne? Reshe ɗaya tal! Kafin ya bushe ya yi iri, ka tabbata tsohuwar nan za ta san ko ita wace ce? Shiga nan kuma ba za ta yi ba, mace ce, ga shi ko tsakar gida sai an riƙe ta." Har yau ina ganin maganata tana kan hanya, kuma shi ma bai ce ƙarya na yi ba. Ya dai tsaya yana kallon tsiron, yana murza yatsunsa kamar mai laluben bakin zare.

Sai ya sake tsugunawa. Ya ce, "Baba, shafawa fa?"

Malam Kalli ya ɗan yi tunani ya ce bai ga laifin shafawa ba.

Madu ya goge hannun damansa a riga. Ya sa tafin a ƙarƙashin ganyen yana shafowa sama a hankali, yana maimaitawa, ko ganye ɗaya bai karye ba. Ya kai hanci, ya runtse ido. Sannan ya dunƙule hannun, ya cire hularsa ya rufe shi da ita, ya manna a ƙirji. Ya ce, "Fatihu, mu tafi. Kada ka bari kowa ya tsayar da ni."

Wanda bai san yankinmu ba ba zai gane girman wannan magana ba. Daga jana'iza muke, ƙofar maƙabarta cike da jama'a, kowa yana miƙa hannu. Ga yara da butoci suna zuba wa mutane ruwan wanke hannu. Madu ya ratsa su kai ba hula, yana ta "Allah ya jiƙan rai, Allah ya ba da haƙuri" da baki kawai. Hannaye suna miƙowa suna komawa a sanyaye. Ni ina biye ina cafke su ɗaya bayan ɗaya, ina gaisawa nawa da nasa, gumi yana karyo mini.

Sai ga Alhaji Mahfuz, surukin Hafiza, babban mutum mai jin kansa, kuma shi ne mai makokin. Ya miƙo hannu a gaban kowa. Madu ya rusuna har ƙasa ya ce, "Alhaji, a gafarce ni, saƙo ne a hannun. Zan dawo in yi gaisuwa yadda ta kamata." Fuskar Alhaji ta canza. Wani a baya ya ce dama an ce ganyen nan ya fara taɓa masa kai. Madu ya ji sarai, bai waiwaya ba. Muka tare Keke Napep, ya hana direban gudu wai kada iska ta kwashe.

Muka tarar da Gwaggo a zaune a kan tabarma, Hafiza tana ba ta kunu. Madu ya tsuguna a bakin ƙofa inda ya saba, ya ce, "Hafiza, gaya wa Iya na samo."

Hafiza ta miƙo hannu za ta karɓa. Ya ce, "Ba ya karɓuwa."

Aka yi cirko-cirko. Ƙamshi dai ba a zuba shi a faranti. Na ce, "Gwaggo, a tafin hannunsa yake. Sai dai ya matso."

Can Gwaggo ta ce, "To, ya matso mana."

Ya ja gwiwa ya shiga, ya zare hular, ya buɗe hannun a gaban fuskarta. Ta lalubo wuyan hannun da hannayenta biyu ta jawo shi ta kifa a hancinta. Ta ja numfashi. Ta sake ja. Sai ta faɗi sunan, tar, da yaren Bade, ta maimaita, ta yi dariya irin wadda na manta tana da ita. Hafiza ta rarumi biro ta rubuta a bayan kwalin ashana.

Sunan ya samu, amma ba ta saki hannun ba. Ta ce, ba wa bango ba, ba wa Hafiza ba, "Da shi mahaifiyata ta dafa ruwan wankanka na farko a Dagona. Da aka naɗo ka aka miƙo mini, ɗaki cike da mata, na kau da kai. Kowa ya yaba kunyata." Ta ƙara danna tafin a fuskarta. "Na kau da kai, amma na shaƙa."

Ni dai na fita tsakar gida, don ba na son a ga hawayen mai sayar da banda.

Sauran labarin gajere ne. Da yamma Madu ya koma ya gaisa da Alhaji Mahfuz da hannu biyu, ya yi masa bayani, Alhaji ya huce rabi. Da kaka ta yi tsiron ya bushe, Malam Kalli ya bar Madu ya kaɗe iri kaɗan a takarda, ya bar saura ya zube a wurin. Ya shuka a tsohon baho a bayan shago, kuma daga bahon ya yanki reshen da ke ɗinke a kwali yanzu. Wani irin ya kai Dagona ya ba wani manomi ya watsa a gefen gonarsa. Madu ya hana ni rubuta sunan ganyen ko faɗin wace maƙabarta ce, wai masu haɗa turare za su ji su je su tuge. Na bi umarninsa, ko da yake ba ya cikin ɗabi'ata. Gwaggo tana nan da rai, sai dai yanzu ba ta gane kowa.

A ranar jana'izar nan, da aka kira la'asar, mun fito ƙofar gida ni da shi za mu yi alwala. Na gama tawa har na miƙe, na waiwaya na gan shi a tsugune, buta a hannun hagu, na daman a buɗe a kan gwiwa. Sai da aka tayar da iƙama sannan ya zuba ruwan.