Ɓaunar da Ta Kore Ni a Hanyar Kwatano

Shekarata tara ina koyarwa a wata lakwal a Dakoro ban taɓa ƙetare kogin Kwara ba. Amma tun da yara na ce mini Mushe, wato malam, kuma ina da taswira manne a bango, sai na ɗauka duniya duk a tafin hannuna take.

Wani hutun damina, kawuna, ƙanen mahaifiyata da ke jan kamiyo, wato babbar motar kaya, zai kai wake Kwatano, ya ɗauko kaya a tashar jiragen ruwa. Na nace sai ya tafi da ni. Ya dubi takalmina mai sheƙi, ya ce, "Mushe, hanya ce fa, ba aji ba."

"Kawu, ai na san ta gari-gari," in ji ni.

Har Gaya bakina bai huta ba. Muna haye gada muka shiga dajin arewacin Benin, sai murya ta fara yi mini ƙasa. Ni da na tashi inda ake hango raƙumi tun yana kamar ɗigo, ga ni cikin ciyawar da ta fi ni tsawo, itatuwa sun haɗe kai. Don in ɓoye tsorona, na shiga ba Kawu labarin giwaye da ɓaunayen wannan daji, shi da ya shekara ashirin yana ratsa shi. Goronsa kawai yake tauna.

Da hantsi, doya da miyar barkonon da na ci a bakin iyaka suka murɗa mini ciki. Kawu ya tsaya, na ɗauki buta na kutsa. Ko zama ban gyara ba na ji ciyawa na motsi. Na ɗaga kai, sai ga wani baƙin kai da ƙahoni yana huci. Na yar da butar, na fito a guje, hannu ɗaya riƙe da mazagin wando.

"Kawu, tada mota! Ɓauna!"

Bai ko motsa ba. Can sai ga saniya ta fito tana tuƙa, bayanta wani dattijon Bafillace riƙe da butata. Ya miƙo mini ita da hannu biyu, ya yi mini sannu.

Kawu ya yi dariya har ya ƙware. "Ɗan Dakoro! Gidanku fa yana bayan kasuwar shanu!"

Daga nan na kama bakina har Kwatano.

Da muka sauke kaya, ya kai ni bakin teku da la'asar. Na tsaya ina kallon ruwan da ba shi da ɗaya gaɓar, da jirage kamar unguwanni suna jiran shiga tasha. Raina ya ba ni in yi alwala da shi, don in samu abin faɗi a gida. Na naɗe wando, na tsuguna, na kamfata na kurkure baki. Gishiri ya hau mini kai. Ina cikin tari igiyar ruwa ta zo ta kifar da ni, ta ja ni kaɗan, ta mayar da ni kan yashi.

Wata mai suyar kifi ta kawo mini ruwan daɗi a kofi, tana magana da harshen da ban ji ba. Na wanke idanuna, muka yi salla, rigata na ɗiga. Sannan Kawu ya sayo kifi, muka zauna nesa da ruwan sosai muka ci.