Falle Guda Na Baba Nomau

Har gobe ban mance ranar da na fara riƙe takarda a kasuwar Tasawa ba. Ku sababbi ku sani, a rumfar Malam Ilu mai koyon rubuta wasiƙa sai ya shekara biyu kan allo, don allo in ka ɓata wankewa ake. Takarda kuwa raƙuma ke kawo ta daga bayan hamada. Falle guda ake ba mutum, sauran na kulle a gafakar Malam.

A lokacin Malam ya tasa mu da darasi ɗaya: kada kalma ta fito sau biyu. In ka rubuta "murna", gaba ka ce "farin ciki". Kowane maimaici da ranƙwashinsa. Sai da kaina ya yi tudu-tudu kamar kunyar dankali sannan na ƙware, har ƙarin tuwo da suna uku nake roƙonsa.

Ran nan Malam ya bar mani falle ɗaya ya tafi jana'iza, sai ga Baba Nomau, manomi daga Baudeta. Fara ta cinye masa gero, irin shuka ma sun daka sun sha. So yake ƙanensa Ɗanladi da ke Kano ya aiko masa da iri kafin ruwa ya sauka.

"Yaro, ka iya kuwa?"

"Baba, Malam ma ni yake tambaya."

"Ƙarya kake, ja'iri. Rubuta mai muna cikin yunwa, ya aiko iri. Ba ni ba fatake saƙon baki, kada Baudeta ta ji na yi roƙo."

Na tsoma alƙalami. Gaisuwa, aminci, girmamawa, ban-gajiya. Sannan yunwa, ƙunci, fatara, babu, matsi, tsanani, kowace da jimlarta. Harshena waje don daɗi. Ko da na ɗago, falle ya cika ciki da baya har gefe, ban ambaci iri ba. Ga madugu na ta kiran masu saƙo.

"Karanta mani," in ji Baba.

Na karanta, ƙarshe na ƙara daga kaina, "Ka aiko iri kafin ruwa." Ya yi ta shi mani albarka.

Amsa ta iso bayan an yi ruwan shuka. Malam ya karanta masa, ina zaune. Ɗanladi ya jajanta, ya yi addu'a, ya ce malaman unguwarsu sun yaba rubutun.

"Irin fa, Malam?"

"Bai ambata ba."

Baba ya ce, "Ashe haka Ɗanladi ya zama. Ni na goye shi."

Ina ji, na bar shi ya tafi da wannan zaton. Sai bayan kwana tara na faɗa wa Malam gaskiya. Muka aika Baudeta, aka ce ya kwashe iyalinsa ya yi gabas ƙodago, gonar ta zama ciyawa. Ba wanda ya san garin da ya sauka.

Ku koyi kalmominku, suna da amfani. Amma wanda ya tsuguna gabanku bai iya duba abin da kuka rubuta, bakinku kawai yake gaskatawa. Ku fara sa abin da ya kawo shi, ado ya biyo baya in da wuri. Baba Nomau na can wani gari yana fushi da ƙanen da bai yi masa komai ba.