Garban da Na Je Nema a Abijan

Ana idar da sallar asuba muka bar Ƙurban, unguwarmu a Madina, ni da abokin cinikina, mutumin Cadi mai jin Faransanci. Jirgin ƙasa ya kai mu Jidda, daga can muka hau na sama zuwa Abijan. A fili kasuwar dabino na je dubawa kafin azumi, amma ainihin abin da ya tashe ni saƙon Inna ne. Tana da ƙane, Garba, da suka rabu tun a garin Tawa na Nijar. Ita mahaifina ya taho da ita hajji suka zauna Madina, shi kuma ya bi motar goro ya yi kudu. Da can ana jin labarinsa a bakin alhazai, daga baya ya ɗauke. Yanzu ƙafarta ko masallacin Ƙuba ba ta kai ta. Da zan fita ta riƙe hannuna ta ce, "Ya waladi, ko muryarsa ce ka samo mini."

Abijan a kan ruwa yake zaune. Wani ƙaton tafki ya ratsa garin, jiragen ruwa na jigilar ma'aikata kamar bas. Ni da na tashi cikin baƙaƙen duwatsu, sai na yi ta kallon ciyawa kamar baƙauye. Direban tasinmu mai surutu ne. Ya ce an daɗe da mayar da babban birnin ƙasar Yamusukro, amma kasuwa da dogayen benaye sun ƙi tashi daga nan. Sunan garin ma, in ji shi, kuskure ne. Wai Bature ya tambayi wani tsoho sunan wurin, tsohon bai gane ba ya ce da yarensu daga yankan ganye yake, Bature ya rubuta.

Ban gama yi wa Baturen dariya ba na tafka nawa. Na sa abokina ya tambayi direba inda za mu sami Garba. Ya washe baki, ya ce ai ko jariri ya san garba. Murna ta kama ni. Ya bi da mu lunguna, ya tsaya gaban wata rumfa mai hayaƙi, aka dire mana turarren garin rogo da soyayyen kifi da barkono. Ashe garba abinci ne! Mutanen Nijar ne suka yi suna wajen sayar da shi, har sunansu ya bi farantin. Ga arha ga cika ciki.

Mai rumfar Bahaushe ne. Da ya ji bayanina ya yi dariya har da share hawaye.

"Alhaji, ai nan kowannenmu Garba ne. Wanne daga ciki?"

"Na Tawa. Tsoho ne, yana ɗingishi tun yarinta."

Ya tura mu Tarashbil, tsohuwar unguwar baƙi, wurin dattawa. Muka yi ta bin masallatai har wani ladani ya gane shi.

A kan benci na same shi, ƙofar gidan 'yarsa. Idanunsa sun yi fari, amma goshin Inna ne sak. Na durƙusa na ce, "Kawu, daga Madina nake." Na kira Inna, na kara masa wayar a kunne.

"Garba? Kai ne?"

"Ni ne, Yaya."

Sai suka shiga gaisuwa, ina gajiya, ina gida, kamar jiya suka rabu a kasuwa. Ita tana jefa Larabci, shi yana jefa Faransanci, ba wanda ya tsaya neman bayani.

"Halas, ya isa haka, ka biyo yaron nan," in ji ta. "Akwai ɗaki."

"Bari ruwa ya ɗauke, Yaya."

Bayan an kashe waya 'yarsa ta faɗa wa abokina cewa damina biyu ake yi a garin a shekara. Kawu da kansa ya ce mini matarsa a nan take kwance, jikokinsa kuma ko da ba sa jin Hausa, su ke jan hannunsa zuwa masallaci. Na daɗe a kasuwa, na san muryar wanda ba zai saya ba amma yana jin nauyin faɗa.

Na dawo Madina da cinikin dabino ɗan kaɗan. Abin da na koyo shi ne, yadda Madina ta riƙe mu, haka wani gari yake riƙe nasa baƙin, kuma ba a ciro mutum da tikiti. Ban faɗa wa Inna haka ba. Ta sa an share ɗakin, an shimfiɗa sabuwar darduma. Kowace safiya in na shiga gaishe ta, sai ta ce in duba mata waya, ko har yanzu ana ruwa a Abijan.