Idon da Ya Rage wa Mai Walda

Mai walda ya ƙare ƙuruciyarsa a bakin titi, durƙushe gaban ƙyauren mutane da gadajensu. Yana da hannu, amma ba ya jin magana. Tabaran walda na rataye a ƙusa, shi kuwa yana aiki haka nan, har ranar da tartsatsi ya cinye masa idon hagu. Tun daga nan matarsa ta zama mai gadin na daman. Ko guduma ya ɗauka sai gabanta ya faɗi.

Da tsufa ya zaunar da shi a gida, surukinsu ya kawo masa madubin kallon taurari, wani dogon bututu da ya saya na hannu, ba ƙafa ba mazauni.

"Baba, abu ɗaya," in ji surukin. "Kada ka yarda ya kalli rana. Kafin ka ƙifta ta soya ido."

"Ka ji ko?" in ji matar.

"Na ji, likita."

Ya haɗa ƙafafu uku na ƙarfe, ya ɗora wuyan tsohon keke a kai da boris ɗinsa mai sa shi juyawa, ya zaunar da bututun. Da bakin ya rinjayi gindin, sai ya sace mata tsohon dutsen guga ya ɗaure a baya. Ya cika komai da giris, ya kira ta saman bene.

"Tura da ɗan yatsa."

Ta tura. Abin ya juya lumui, ba ko ƙara.

"Ina abin tsayar da shi?"

"Birki? Mota ce?" Ya yi dariya har da tari.

Kullum yakan bar shi yana fuskantar gabas, saitin wani tankin ruwa can nesa, ya rufe wajen sa ido da tsumma. Da la'asar in ya hau, ba ya duba komai. Ya yaye tsumma, ya manna ido, ya ga ko tsuntsaye sun sauka a tankin.

Ranar da abin ya faru iska ta wuni tana kaɗawa. Matar tana can ƙarshen benen tana kwashe shanya, ta ji ƙauri, ta ɗauka daga maƙwabta ne. Sai ta ji takunsa a matakala, yana 'yar waƙa. Ta waiwaya. Bututun ya juya. Bakinsa na kallon yamma, siririn hayaƙi na tashi daga tsumman. Ranar kuwa tana ta gefen idonsa da ya mutu.

Gwiwoyinta ko matakala sai da lallashi suke hawa, ba maganar gudu. Ya riga ya miƙa hannu ya yaye tsumman, ya fara sunkuyawa. Kwanon da ke hannunta ta wurga da duk ƙarfinta. Ya same shi a ƙeya.

"Ke tsohuwa! Haukacewa kika yi?"

"Duba hannunka," ta ce.

Ya duba. Huji ne baƙi a tsakiyar tsumman, gefensa yana ci. Da yake shi ba ya yarda sai ya gwada, ya sake kara tsumman a wajen sa idon. Wani farin ɗigo ya sauka a kai, nan take hayaƙi ya tashi.

Ya zauna a ƙasa daɓas, ya rufe idon dama da tafin hannu. Ita ta lallaɓa ta jefa zane a bakin bututun.

Washegari ya goge giris ɗin tas, ya liƙa wani ƙaton noti na ɗaurewa, ya yi wa bakin murfin gwangwani. Da tabarau a fuskarsa ya yi waldar, abin da ba ta taɓa gani ba tun aurensu.

Yanzu sai da hannu biyu ake juya abin, yana kuka kamar tsohon ƙyaure, ya kuma daina kiran baƙi su tura da yatsa. Duk da haka, in ta ji ya nufi matakala da sauran rana, sai ta ajiye abin da take yi.

"Tsaya," takan ce. "Ni zan fara hawa."

Yakan tsaya.