Shekarar da Aka Rufe Lakar Tafkin Baba

Mu 'ya'yan manomin albasa ne, kuma duk wanda ya tashi a gidanmu a Gulma ya san warin laka tun kafin ya iya tafiya. Bayan gonar Babanmu akwai wani tafki da gulbin Rima ke cikawa da damina, in ruwa ya ja sai ya bar shi nan kwance har bazara. Kowace shekara, da an gama girbin shinkafa, Baba zai kira gayya. Maza su shiga tafkin da kwanduna da shebur su kwaso baƙar lakar ƙasan ruwa, a shanya ta ta sha iska, a farfasa, a zuba a fangulan da ake renon irin albasa. Haka ya tarar mahaifinsa na yi. Albasarmu kuwa, ba yabon kai ba, ba ta kwana a kasuwar Argungu. In ka tambayi Baba sirrin abin, tafkin kawai zai nuna maka da haɓa.

Ni ce babba a ɗakinmu. Ina koyarwa a wata firamare a Birnin Kebbi, muna zaune a Gwadangaji da maigidana da yara. Autarmu ita ce ta yi zurfi a karatu, ta karanci kimiyyar ruwa da ƙasa. Yarinyar da na goya ce fa, na sha share mata majina da bakin zanena. Ranar da ta zo gidana ta ce ita da abokan aikinta za su auna lakar tafkunan fadama, har da na Baba, dariya na yi har da riƙe ciki. Na ce ashe duk karatun nan taɓo za ta koma tonowa, ai da ta faɗa tun farko da an ba ta kwando ta bi 'yan gayya. Ko murmushi ba ta yi ba. Ta ce shekara da shekaru ana wanke tankin feshi a tafkunan nan, ana zubar da baƙin man injin ban-ruwa, masunta kuma suna fasa tsofaffin batura a bakin ruwa su narka dalmar su yi wa taru nauyi. Ruwan da ke saman tafki yana iya fitowa garau, in ji ta, amma abin da ya nutse yana nan a ƙasa, cikin lakar da Baba ke zuba wa abin da mutane za su ci. Raina ya ɓaci, wallahi. Na ce ta je ta faɗa masa da bakinta, ni ba ruwana. Da ranar ta zo kuma ni na riga kowa shiga motar da za ta kai mu Gulma.

Baba bai musa ba, don bai iya hana Auta komai. Ina jin ma a ransa ya ɗauka yabon lakarsa aka zo yi. Shi da kansa ya aro kwalekwale wurin wani amininsa masunci, ya tsaya a gaci hannu a baya yana kallo. Abin da suka zo da shi bututun roba ne mai haske kamar kwalba, ya ɗan fi taɓarya tsawo. Suka kai tsakiyar tafki, suka kafa shi tsaye, suka yi ta dannawa a hankali har ya kusa ɓacewa, sannan suka toshe bakinsa suka zaro shi. Aka kwantar da shi a kan tabarma ƙarƙashin mangwaro, Auta ta sa tsumma ta goge bayansa.

Ni da na zo tsokana sai ga ni na matso ina leƙawa. Na ɗauka laka laka ce, baƙa daga sama har ƙasa. Ashe a jere take, hawa-hawa. Ga baƙa, ga toka-toka, ga siririn layin jan yashi, ga wata baƙar kuma da ɓuntun shinkafa a ciki bai ko ruɓe ba. Auta ta ce kowace damina gulbi yana kawo nasa ya shimfiɗa a kan na bara, tsakiyar tafkin kuma da 'yan gayya ba sa kaiwa babu abin da ya taɓa ta. Ta ɗora yatsa a kan wani yashi mai kauri ta ce wannan babbar ambaliya ce. Baba ya durƙusa, ya daɗe yana dubawa, ya ce ko ita ce wadda ta ci rumbunanmu, lokacin ni ina jaririya goye a bayan Inna. Auta ta ce zai iya yiwuwa. Ruwan da nake jin labarinsa tun ina yarinya, wanda aka ce an gudu da ni tudu saboda shi, ga yashinsa a gabana ina iya taɓawa. Can ƙasa kuma akwai wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwanson dodon koɗi, farare tas, waɗanda ta ce sun rayu sun mutu tun kafin a haifi kakanmu. Na ce ikon Allah, na sake cewa ikon Allah.

Suka tsaga bututun biyu, Auta ta ɗauko wata na'ura mai mariƙi kamar dutsen guga. Sai ta ɗora bakinta a kan lakar ta danna, a ɗan jira, rubutu ya fito a fuskarta. Ba a kai komai ko'ina ba, ba a dafa ba, ba a tace ba, na'urar tana leƙa cikin laka ta faɗi ƙarfen da ke ciki. Daga ƙasa ta fara. Wajen ƙwanson nan lafiya lau. Wajen yashin ambaliya ma haka. Tana hawowa sama fuskarta tana canjawa, ni kuwa na san fuskar yarinyar nan. A saman, irin lakar da kwandon Baba ke ɗiba, dalma ta yi yawa. Maganin feshi kuma na'urar ba ta ganinsa, don haka suka soke wasu siraran ledoji a cikin lakar tafkin, cikin firam na ƙarfe, suka ce za su bar su su yi makonni. Wai ledar tana tsotsar abin da tsutsa ko kifi zai tsotsa, in an cire an auna sai a san abin da ke shiga jikin mai rai. Ban taɓa jin leda ta yi aikin kirki ba sai ran nan.

Da sakamakon ya fito muka sake komawa gida tare. Baba ya saurara har ƙarshe yana jan carbi, bai katse ta ba. Da ta gama ya ce to alhamdulillahi tun da an gani, magani mai sauƙi ne. In mushe ya faɗa rijiya yashe ta ake yi. Shi ma ya riga ya gaya wa mutane ranar gayya, bana sai a shiga har tsakiya a kwashe ta baki ɗaya a watsar. Ni ma na gyaɗa kai, don abin da hankali zai ba kowa ke nan. Auta ta ce a'a. Ta ce da an dama lakar nan, abin da ke kwance zai tashi ya gauraye ruwa, kifi ya sha, damina ta zo gulbi ya kwashe ya kai gonakin mutanen da ke ƙasa da mu. Wadda aka kwaso kuma a ina za a zuba ta? Abin da ake yi yanzu shi ne a rufe ta inda take. A ƙona ɓuntun shinkafa ya zama gawayi, a gauraya da yashi a shimfiɗa a ƙasan ruwa, gawayin ya riƙe dafin, sannan a bi da yashi mai tsabta. Sai a daina wanki da fasa batur a wurin, kuma kada kwando ya sake shiga.

Baba ya ajiye carbin. "Auta," ya ce, "tun da nike ban taɓa jin an gyara rijiya da cike ta ba. Abin da anka zuba, a kwashe shi. Ke ko kin ce in bizne abincin gonata da hannuna."

Na so in rufe ta da faɗa, don ban taɓa ganin idon Baba ya yi ja haka ba. Ita kuwa ba ta janye ba. Ta ce taki ana iya haɗawa da kashin shanu da ɓuntu, za ta tsaya a kai da kanta, ko da yake ba za ta yi masa alkawarin albasar za ta yi kamar da ba. Ya tashi ya shige ɗaki. Inna ta ce kwanakin da suka biyo baya tuwo ma sai ta matsa yake taɓawa, kullum yana bakin tafki. Ban san abin da ya yi ta saƙawa ba. Abin da na sani, ya aika an kira Auta ya tambaye ta abu ɗaya, ko da gaske ne ruwan zai kai ga shinkafar waɗansu. Ta ce da gaske ne. Ya ce to ba ya iya ɗaukar haƙƙin mutanen da bai ma san fuskarsu ba.

Gayyar ba a fasa ta ba, juya ta aka yi. Na ɗauki hutu na zo, mu mata muka yi ta tuƙa tuwo kamar kowace shekara. Kwandunan nan dai su ne, mazan ma su ne, sai dai maimakon su fito da kaya daga ruwa, shiga suke yi da shi. Ana loda gawayi da yashi a kwalekwale, ana zagayawa ana barbaɗawa a hankali don kada ƙasa ta tashi. Ruwan ya yi baƙi, ya yi fari-fari, can da la'asar ya kwanta ya koma yadda yake, kai ka ce ba a yi komai ba. Na tsaya ina kallonsa ina mamaki. Baba da furfurarsa ya ƙi zama, shi ma kwando ya ɗauka.

Da aka watse ya zauna a gaci, mu biyu a gefensa. Ya tambayi Auta ko gulbi zai ci gaba da kawo sabuwar laka a kan wannan da aka shimfiɗa. Ta ce zai kawo, mai kyau ma, in an kiyaye. Ya ce a shekara kamar yaya? Ta nuna masa tsakanin yatsunta biyu, ɗan siriri. Ya dubi yatsun, ya dubi ruwan, na ga yana lissafi a ransa, na kuma san amsar da ya samu. Auta ta sunkuyar da kai, ni kuma hawaye suka zubo mini ban shirya ba.

"To, ba ni zan ɗiba ba," ya ce. "Ku dai ku gaya ma ɗiyanku, in sun zo da kwandonsu su ɗebi ta sama. In sunka iske yashi, su tsaya nan."