Barcin da Kawu Bello Bai Yi Ba

A daminar bana Kawu Bello ya cika shekara ashirin da biyar da rasuwa. Na sha ɗaukar alƙalami a kan maganarsa ina ajiyewa, kuma ko yanzu da na zauna ban tabbata na yi daidai ba, domin akwai alkawari a tsakaninmu. Zan faɗi yadda aka yi na samu izinin buɗe bakina, mai karatu ya yanke hukunci da kansa.

Kawu Bello ƙanen mahaifiyata ne. Ita aure ya kawo ta cikin garin Kankia, gidan ma'aikacin En'e, a nan aka haife ni aka sa ni boko. Shi kuwa a rugarsu ya tashi, can bayan Yashe, yana kiwo, da damina ya taɓa noma. Da yaƙin basasa ya ɓarke aka zo neman samari, sai ya bi wasu 'yan Kusada ya shiga soja, ya bar matarsa Inna Jummai da tsohon ciki. Yaƙi bai ƙare ba aka sallamo shi. Kafin ya iso gida labari ya riga shi: an same shi yana barci a bakin gadi, da rana tsaka, har sau biyu. An cire masa igiyarsa guda ta las kofur, an kulle shi a gadurum, daga baya aka ce ya tattara ya tafi.

Tun daga nan sunansa ya koma Sojan Barci. Ranar kasuwar Kankia, idan ya rako Inna Jummai da ƙorenta na nono da man shanu, akwai wani mahauci, Ɗanbala, da ba ya barinsa ya wuce lafiya.

"Ranka shi daɗe, Sojan Barci! An tashi lafiya? Ku yi a hankali jama'a, kada ku tashe shi, yaƙi ya ƙare bai sani ba!"

Kawu yakan yi murmushi ya ce, "Ɗanbala, ka gyara wuƙarka, ta fi bakinka dakushewa." Sai a yi dariya, ya wuce. Ɗanbala kuma ya aika a sayo masa kindirmo wurin Inna Jummai, don duk kasuwar an yarda babu nono kamar nata. Ni kam abin yana ƙona ni. Ba zan ɓoye ba, akwai lokacin da nakan canza hanya idan na hango shi, don kada abokaina su san kawuna ne.

Shekarar da na gama jami'a, lokacin da kuɗin mai ya sa kowa yana ganin babu abin da takarda ba za ta gyara ba, na yi tunanin zan rubuta koke a sake duba maganarsa. Na je ruga lokacin kaka, na tarar da shi a gona yana cirar gyaɗa. Muna cikin magana, ina ta bayanin yadda ake rubuta irin wannan wasiƙa, sai na ga idonsa ya tsaya wuri guda. Ya yi wata irin ƙara, ya faɗi a kan kunya, jikinsa ya ƙage, sannan ya shiga karkarwa, kumfa tana fita bakinsa.

Abin da na yi a lokacin shi ne ya fi yi mini wuyar rubutawa. Baya na ja. Na karanta, na san farfaɗiya ba a ɗaukarta ta yawu, na san ba iska ba ce. Amma abin da na ji tun ina ƙarami ya rinjayi abin da na karanta, ƙafafuna suka ja ni baya har taku uku ko huɗu. Inna Jummai ce ta taho da gudu daga bayan bukka, ba ihu ba salati mai ƙarfi. Ta juya shi ya kwanta ta gefe, ta janye fartanya daga kusa da shi, ta share masa baki da tafin hannunta, ta yaye mayafinta ta rufa masa. Daga yadda take yi na gane ba yau ta fara ba. Da karkarwar ta lafa sai ya shiga wani barci mai nauyi, irin wanda ko an ɗaga hannun mutum sai ya faɗi. Ina tsaye ina kallonsa, sai na fahimci abin da aka gani a bakin gadi.

Da ya farka ya zauna. Can ya dube ni.

"Ɗan boko, mi ka gani?"

Na ce, "Kawu, ciwo ne, kuma yana da magani."

"Ba shi na tambaye ka ba. Mi ka gani?"

Na sunkuyar da kai na ce ban ga komai ba. Ya ce madalla.

A ranar ya ba ni labarin, sau ɗaya, bai ƙara ba. Ina faɗarsa yadda na riƙe, mai yiwuwa wani abu ya kuɓuce mini. Ya ce wani abu ya fashe kusa da su a daji, ya yi jifa da shi, kansa ya bugi kututture. Ya yi kwanaki a asibitin sojoji, rauni ya warke, aka mayar da shi. Bayan nan faɗuwar ta fara. Ranar da aka same shi kwance a gefen wata gada, bindiga can gefe guda, aka kai shi gaban hafsansu. Kawu bai taɓa zagin mutumin nan ba. Ya ce sau uku yana tambayarsa, ko ba ka da lafiya ne, a kai ka wurin likita? Amma Kawu ba ya jin Turanci, hafsan kuma ba ya jin Hausa, sai aka kira tafinta. Tafintan nan ɗan Kunduru ne, mahaifiyarsa kowane mako tana cin kasuwar Kankia.

"Na dube shi," in ji Kawu, "sai na ga ƙwaryar Jummai. In na ce farfaɗiya, kafin wata ya mutu magana ta kai kasuwa. Wa za ya sha nonon gidan mai farfaɗiya? Wa za ya nemi ɗiyar da aka haifa mini? Sai na ce lafiyata lau, barci na yi."

An sa shi gudu da kaya a ka cikin rana, an kulle shi, ya ɗauka. Da abin ya sake faruwa ya sake ba da amsa iri ɗaya. Dokar soja ba ta da wurin ajiye mai barci a bakin gadi, kuma ban ga laifinta ba, rayukan mutane ne a hannunsa. A wannan wurin nakan tsaya, domin ban san yadda zan auna ba. Mutumin da ya san yana faɗuwa, ya karɓi bindiga ya tsaya gadin 'yan'uwansa, shin bai sa su cikin haɗari ba? Na taɓa tunanin tambayarsa, ban iya ba. Ina jin shi ma tambayar ta dame shi, don ya ce da aka sallame shi ya ji kamar an sauke masa dutse.

Ya sa na yi alkawari ba zan faɗa wa kowa ba, har mahaifiyata, sai Halima 'yarsa ta yi aure, sai kuma Jummai ta aje ƙwarya da kanta. Na ce to, amma ya yarda in kai shi asibiti. Ya ce ba dai nan kusa ba, inda ma'aikata suka san mu. Muka tsayar a kan zan kai shi Katsina, ko ma Kaduna inda na samu aiki.

Ban kai shi ba. Ina da dalilai, kuma a lokacin duk sun yi mini kama da hankali. Sabon ma'aikaci ne ni, ina tsoron neman hutu. Ina so in fara samun likitan da na amince da shi. Ina tunanin abin da zan ce wa mahaifiyata idan ta tambayi inda za mu. Na ce bari rani ya yi, rani ya yi na ce bari a gama shuka. Haka shekaru suka tafi. Wata damina ya kai shanu tafki da hantsi, bai dawo ba. An same shi kife a ruwan da bai kai gwiwa ba. Mutane suka ce santsi ne ya kwashe shi. Ni da Inna Jummai muka haɗa ido a wurin zaman makoki, kowa ya kawar da kai.

Yau idan na je Kankia ina ganin abubuwa sun canza, ko da yake ban san iyakar canjin ba. Na san wani malamin makaranta da ke shan ƙwayarsa safe da yamma, yana aikinsa, ya yi aure, ba ya ɓoyewa. Nakan ce da Kawu ya ga wannan me zai ce? Wataƙila ya yi murna. Wataƙila kuma ya tambaye ni ko matar malamin nono take sayarwa, domin har gobe na san gidajen da za a fasa neman aure idan aka ji sunan ciwon nan.

Halima ta yi aure tun da daɗewa, har ta aurar da nata. Inna Jummai kuwa sai bara ta aje ƙwarya, da gwiwa ta hana ta tafiya. Na je na gaishe ta, na yi ta kewaye-kewaye kafin in kawo maganar. Ta katse ni.

"Kai dai har yau ba ka iya faɗin magana kai tsaye ba. Rubuta mana. Amma kafin mutanen birni su ji, ka je ka faɗa wa Ɗanbala. Shi ya raɗa sunan."

Na same shi a ƙofar gidansa, ya tsufa, ya bar fawa, idonsa guda ya tafi. Na ba shi labarin daga farko har ƙarshe. Bai katse ni ba, shi da ba ya barin magana ta faɗi ƙasa. Da na gama ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

"Shekara nawa ina shan nonon gidansa," in ji shi. "Kuma kullum sai na tsokane shi, yana dariya. Wayyo Bello. Da na sani..."

Ban yi niyyar tambayarsa ba, bakina ne ya riga ni. Na ce, "Baba, da ka sani, da ka ci gaba da saye?"

Ya daɗe yana juya hular. Sannan ya ce, "Tsakani da Allah, ɗana, da ban saya ba. Da babu wanda ya saya."

Na koma gida da wannan amsa. Dā ma na je wurinsa ne da tunanin cewa Kawu ya yi kuskure, ya sayar da sunansa a kan tsoron da bai kai haka ba. Ashe ya fi ni sanin mutanensa. Takardar sallamarsa tana wurina, kuma abin da aka rubuta a ciki ba zai goge ba, tunda da bakinsa ya amsa laifin. Abin da ya bari a bayansa shi ne Halima a ɗakinta da jikoki, da ƙwaryar da ta ciyar da gida har mai ita ta aje ta don kanta. Ni abin da zan iya yi kaɗan ne, kuma ya zo a makare: in shaida wa duk wanda ya taɓa kiransa Sojan Barci cewa Bello bai yi barci ba. Idan a cikin mu biyu akwai wanda aka ba gadi ya yi sakaci, ba shi ba ne.

Allah Ya yafe masa, Ya sa wahalar da ya sha ta zama kaffara, ni kuma Ya yafe mini jinkirina.